Rumbun da na sa aka leƙa

Shekarar da na fara koyarwa a kwalejin Tasawa ban san zama wuri guda ba. Daga Yamai na dawo, kaina cike da abin da aka ɗura mana: kada malami ya tsaya gaban allo yana ta zuba shi kaɗai, a bar yara su nemo da kansu, su yi gardama, su kawo abin da suka samo. Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa. Kullum bayan la'asar ina bisa tabarma da takardun shirin darasi, in rubuta, in yage, in sake. Teburan ajina kuwa sun sha ja, har malamin ajin da ke jikin nawa ya ce tun da na zo bai rabu da ciwon kai ba.

Shekarar fari ce, soja ke mulki. Hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba. Duk wata sai benci ya yi giɓi: wane ya bi iyayenshi kudu, wance mai masaukinta ya ce ba ya iya ciyar da ita. A ajin ƙarshe akwai wani yaro daga wani ƙauye na wajen Korgom, dogo, mai shiru-shiru, amma in na raba su gungu-gungu shi ke jan sauran. Wata uku ya rage su zauna jarrabawar fita kwaleji. Na ɗaurar wa raina ko ajin zai watse kaf, wannan yaron sai ya zauna ta. Har gidan mai masaukinshi na je na yi roƙo a ƙara haƙuri da shi.

Ana gab da hutun bazara darasin fari ya zo. Na ce wace irin wauta ce in karanta musu fari daga littafin da aka buga a Faransa, alhali ga shi zaune a ƙofar gidan kowa? Kwana uku na yi ina tsara musu takardar bincike. Kowa in ya je gida ya rubuta rumbu nawa gare su, dami nawa aka zuba da kaka, nawa ya rage, wata nawa zai kai su. A ƙasa na rubuta, har da jan layi biyu, cewa kada a tsaya ga tambaya, a gani da ido.

Diraktanmu dattijo ne mai tsoron fitina. Yana karanta takardar ya cire tabarau.

"Kai ɗan nan, so kake a kira mu gaban sufurefe mai mulkin yanki? Rediyo na cewa abinci na bisa hanya, kai kuma ka tura yara ƙidayar rumbuna?"

Muka yi ta ja. Daga ƙarshe muka shirya a kan ba za a sa sunan ƙauye ko na maigida ba, ya buga hatimi. Na fito ina ta fankama, na ka da tsoho. Duk tsoronmu yana wajen soja, ni da shi. Ni da aka haifa a ƙasar Mayahi, na tashi ina gani ko uwata ba ta leƙa rumbun gandu, maigida kaɗai ke hawa ya ɗaga murfi ya fito da abin da za a daka, sam abin bai faɗo mini ba. Wallahi bai faɗo mini ba. Ƴan shekarun da na yi a Yamai sun ishe ni mantawa.

Aka dawo hutu. Darasin ya yi armashi irin wanda nake mafarki, gungu-gungu ana ta gardama, ana zana jadawali a allo. Yawancinsu dai sun fi ni hankali, iyayensu suka tambaya, aka ba su amsar da aka ga dama. Wurin yaron Korgom ne kawai ba kowa. Da aka tashi wani ɗan ƙauyen da ke kusa da nasu ya miƙo mini takardar yaron, ya kira ni Mushe kamar yadda ƴan kwaleji ke kiran malami.

"Mushe, ya ce in ba ka."

Rubutu tsaf, ba gogewa ko ɗaya. Rumbu uku. Abin da ya rage, sifiri. A ƙasa ya ƙara da cewa da idonshi ya gani.

Na tambayi ɗan saƙon ina yake, ya ce shi dai bai sani ba. Kwana huɗu ina shiga aji ina fita, in fara magana in manta inda na kwana, ido na kan ƙofa. Ran Lahadi na kasa haƙuri. Na hau motar ƴan kasuwa zuwa Korgom, daga nan na roƙi wani mai amalanke ya rage mini hanya.

Gidan babba ne, ɗakuna sun kai goma, amma shiru. Ba turmi, ba kukan yaro, ko kaza ban gani ba. Uban na zaune a inuwar rumbu yana tufka igiya, matarshi tsohuwa na can ciki. Na yi sallama, na durƙusa, na ce ni ne malamin ɗanshi. Ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa gaisuwa mai tsawo.

"Baba, yaron na zo nema. Jarrabawa ta matso."

"Ai ya tahi, Malam. Da shi da yayyenshi uku da matansu da ɗiyansu. Ta daji suka bi zuwa Katsina, tunda iyaka a rufe take."

Sai ya ba ni labari, ba hushi a muryarshi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tun sanyi hatsin ya ƙare. Bai gaya wa kowa ba. Ran kasuwa sai ya ja akuya ko tunkiya ya ce za shi kai ta kiwo wurin wani Bafulatani, ya sayar, ya auno ƴan tiyoyin hatsi, ya shigo ta bayan gida ya zuba a rumbu. Da safe ya hau gaban kowa ya ɗebo. Muddin murfin nan na rufe, samarin gidan na zaune, suna gyaran gona, suna jiran ruwan shuka.

"Saura wata biyu nike nema, Malam. In ruwa ya sauka suna nan, an yi shuka, ko haki ne mu ci. Ina masallaci yaron ya hau rumbu ya ɗaga murfi. Bai iya ɓoyewa ba, uwar ta gani a fuskarshi. Kwana uku gida ya watse. Na ce shi ya koma lakwal wajen karatunshi, ya ce ba ya iya zama yana cin tuwon wani a Tasawa yayyenshi na ɗaukar kaya a Katsina."

Kamata ya yi in ce ni na sa shi, in nemi gafara. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina da takardata da jan layina biyu. Tsohon ya aje igiyar ya dube ni.

"Aikin da ka ba shi fa, ya yi shi daidai?"

"Ya yi daidai, Baba. Ba wanda ya kai shi."

"To, madalla," in ji shi. Ya juya ya kira tsohuwar ta kawo wa baƙo ruwa.