Motar ungozomar Jugu

Ban daɗe da buɗe garejina a Zongon Paraku ba, 'yan shekaru bayan Dahome ta samu 'yanci, aka aiko mini daga Jugu. Wata ungozoma ce, dattijuwa, ƙawar mahaifiyata. Likitan Faransa da ta yi aiki da shi ya bar mata motarsa da zai koma gida: ja, mai kujera biyu, rufinta na tamfol, irin ta masu tsere. Da ita take zuwa ƙauyukan Partago da Pelebina karɓar haihuwa. To, ta daina tashi sai an tura.

Na yanke cewa demarer ne, wato abin da ke fara juya injin in an murɗa makulli. Na ciro wani daga wata mota da ta yi hatsari, na hau babbar mota zuwa Jugu.

Wurin demarer a motar ungozomar matsattse ne, hannu da ƙyar yake shiga. Tun hantsi nake kwance a ƙarƙashinta har azahar kafin na gama canza shi. Na murɗa makulli. Ƙas, kawai motar ta ce. Kunya ta kama ni.

Tsohuwar ta ce, "Je ka yi salla, ka ci abinci tukuna."

Ina cin sakwara tana zaune gefe, sai ta ce, "Ɗana, ban san aikinku ba. Amma wannan 'yar wayar da nake ja da safe in injin ya yi sanyi, duk na murɗa makulli sai ta yi zafi."

Na ajiye lomar. "Zafi, Inna? Tun yaushe?"

"Tun damina."

Ashe wuta ce ta rasa hanyar komawa batir, take bi ta wannan siririyar waya. Na leƙa, na tarar tsatsa ta cinye kakkaurar wayar da ta haɗa injin da jikin motar. Na kankare wurin, na ɗaura sabuwa. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Na gaya mata gaskiya cewa tsohon demarer ɗin lafiyarsa lau. Ta yi dariya, ta ce in mayar mata da nata. Na sake kwanciya har la'asar.

Ita ta kai ni tasha, gyalenta ɗaure a ƙugu, tana gudun da ya sa na riƙe hulata da hannu biyu. Ta ci gaba da tuƙa motar har idonta ya raunana.