Ranar da Na Ce Maganin Hajiya Jabu Ne

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota. Da tebur guda na fara a Gyadi-Gyadi har Allah ya kai ni shago. Abin da nake taƙama da shi ido ne. A miƙo min filogi, in juya kwalin, in kankare tambarin da farce, in gaya maka jabu ne ko na kamfani. Wannan idon ne ya kusa sa ni in cuci matata.

Hajiya ta daɗe tana fama da ciwon gaɓɓai, ko murfin kwalba gagarar ta yake. A asibitin koyarwa aka ɗora ta kan wata allura mai kwantar da garkuwar jiki, ta miƙe sarai. Ana nan sai tari da rama. Aka auna, tarin fuka ne. Suka tsayar da allurar, suka ba ta ƙwayoyin da za ta sha kullum da safe, ba fashi.

Ta fara samun sauƙi, har tana neman tuwo. Kwatsam zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta fito mata a wuya kamar ƙwan kaza.

Ni a kasuwa, in ka sa wa mota sabon kaya ta ƙara lalacewa, kayan ne ba kyau. Na ɗauki katin maganin na ɗaga shi a rana, na shinshina, na kankare rubutun.

"Jabu ne," na ce. "Daga yau kin daina sha."

"Alhaji, ba ni abina," in ji ta. "Cewa aka yi kar in tsallake ko kwana ɗaya." Ta fizge, ta ɓallo na ranar ta haɗiye a gabana tana hararata.

Na karɓe katin na zuba a aljihu, muka nufi asibiti ina huci. Nas ɗin da ta karɓe mu 'yar Kudu ce, amma a Tarauni ta girma, Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta ga inda na kankare, ta kwashe da dariya.

"Alhaji, filogi ka ɗauka? Ko za ka ɗaura mata a inji ka ji ƙara?"

Likita ya sa aka sake gwaji, sannan ya zaunar da ni. Ya ce maganin na aiki. Allurar nan ce ta ɗaure masu gadin jikinta. Da aka tsayar da ita suka kwance, suka tarar da ɓarawo a gida, suka far masa da ƙarfin da ya wuce kima. Kumburin nan faɗansu ne. Ya ƙara mata wani maganin da zai sassauta su.

"Da ta bi maganarka ta daina," ya ce, "da yanzu wani zancen muke."

Ban saba a kayar da ni a kan kaya ba.

Daga ranar ni na zama mai miƙa mata ƙwayar da kofin ruwa, kafin in fita shago. Kaluluwar ta yi ta sacewa har ta ɓace. Bayan ta shanye katin ƙarshe aka yi biki a danginsu a Hotoro. Ta ɗauko sarƙar da wuyanta ya ƙi wata da watanni, ta juya min baya in ɗaura mata.

"Kankare ta tukuna, Alhaji," ta ce. "Kar in fita da jabu."

Na ɗaura ina dariya.