Ranar da Inna ta ci Ingila da yaƙi

Inna 'yar Maraɗi ce, Baba kuma ɗan Jibiya. Tun da na yi wayo nake jin yana tsokanarta cewa Turawan da suka mulke mu sun fi nasu. "Ingilishi ba a taɓa ka da su ba," in ji shi, "ku kuwa burodi mai tsawo kawai Faransa ta bar maku." Inna takan yi dariya, amma abin yana ci mata rai, don har 'yan uwan Baba sun ɗauka, suna kiranta 'yar Faransa a gaban baƙi.

Sai ƙanwata da ke karatun jinya a Ingila ta kira mu ta bidiyo wata Asabar da hantsi. Ta kai ziyara wata tsohuwar fadar dutse a kan tudu, ba rufi, katangarta ta fi ɗakinmu kauri. Muka taru a kan wayata har kawunanmu na karo. Baba ya gyara hula.

"Kin gani ko? Ginin Ingilishi ke nan!"

"A'a Baba," in ji ƙanwata. "Normawa suka gina ta. Daga ƙasar Faransa suka ƙetaro ruwa, suka ci Ingila da yaƙi, suka yi wannan don su tsare garin."

Inna ta ajiye ludayi. "Mi kika ce, ɗiyata? Sake faɗi, da ƙarfi!"

Ta sake faɗi. Wallahi ban taɓa jin guɗa irin wadda Inna ta yi ranar ba, har awaki suka watse. Ni kaina tsalle nake, ina ɗan Najeriya, don daɗin ganin Inna haka. Ta leƙa katanga ta sanar da maƙwabta, ta dawo ta yafa mayafi ta ce yanzun nan za ta ƙetara Maraɗi ta gaya wa yayanta.

Baba ya tayar da mota, na shige baya. A bakin iyaka Inna ta zuge gilashi ta ba jami'in da ke duba mu labarin kaf, shi ko yana ta kallon Baba.

"Alhaji, gaskiya ne?"

Baba ya dubi Inna, ya yi murmushi. "Gaskiya ne, yaro. Ni ma daga wancan ɓangaren aka ƙetaro aka ci ni da yaƙi, kuma ban taɓa nadama ba."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.