Katakon da Aka Buga a Tagar Batura

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokin aikina, mai kula da wutar jirgin ruwan da nake tuƙawa, bayan kwana uku yana jinyar ƙuna a asibiti. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Likita muke ce masa, saboda wani bututun gilashi mai kama da sirinji da yake zuƙo ruwan batir da shi ya auna ƙarfinsa.

Likita, shekara goma sha ɗaya muna tare. Batura takwas ne a ɗan ɗakin da ke ƙasan jirgi, su ke ba mu fitilu da rediyo da famfon kwashe ruwa, kuma ka san halin kowanne. Duk mako sai ka buɗe murafensu ɗaya bayan ɗaya, ka leƙa ko ruwa ya rufe farantan ciki. Ranar da na ɗauko gorar ruwan sha zan ƙara musu, fizge ta ka yi, ka ce, “Direba, kai dai riƙe sitiyarinka. Waɗannan tataccen ruwa kawai suke sha.” Ban taɓa ganinka da wando marar huji ba, asid ya cinye su duka, har maiɗakinka ta gaji da faci. Masunta nawa suka kawo maka mataccen batir, ka wanke kansa, ka yi masa caji a hankali, ya tashi, ka ce su je kawai?

Abu ɗaya ka fi yi mana faɗa a kai: batir in yana caji yana fitar da iskar da ido ba ya gani, tartsatsi kaɗan ya ishe ta kama wuta. Don haka tagar ɗakin nan ba a rufe ta, ko ana ruwan sama.

Sai ka tafi duba mahaifiyarka na mako guda. Mai jirgi ya zo ya ga gaban tagar zai ci bencin fasinja uku. Ya kira kafinta, aka buga katako, aka toshe ta ruf. Ranar da ka dawo an jona caji tun asuba. Ka sauka, ka buɗe ƙofa, ka danna makunnin fitila. Ƙarar nan har yanzu tana kunnena.

Kafin la'asar mai jirgi ya sa an ɓanɓare katakon an wurga a ruwa. Jiya kuma ya zo zaman makoki, ya samu tsakiyar tabarma ya zauna, ya ce, “Allah ya jiƙansa, amma kun san girma in ya zo, sai mantuwa.” Wai kai ne ka yi sakaci! Mutumin da bai san inda ake zuba wa batir ruwa ba, shi ke gaya wa 'ya'yanka ubansu bai iya aikinsa ba. Ƙarya yake, ya kuma san ƙarya yake. Zuciyata tafasa take yi.

Amma rabin fushin nan da kaina nake yi, Likita. Ni na riƙe wa kafinta katakon. Na ce, “Likita ya hana fa.” Mai jirgi ya ce, “Jirgin nasa ne ko nawa?” Na ci gaba da riƙe katakon har aka gama bugawa. Da ka dawo mun gaisa a bakin jirgi, na tambaye ka jikin tsohuwa, hankalina na kan lodi, na ce a raina anjima zan gaya maka an toshe tagar.

Jiya bayan 'yan zaman makoki sun watse maiɗakinka ta tare ni a ƙofar gida, ta ce, “Direba, da gaske laifinsa ne?” Na kasa ɗaga kai. Gobe zan je gaban masu binciken hatsarin in faɗi komai, in ya so a kore ni.

Allah ya jiƙanka, ya sa ƙunar nan ta zama kaffara, ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka da 'ya'yanka biyar, Allah ya ba su haƙurin jure rashinka. Ke kuma, maiɗakin Likita, ga amsarki: ba laifinsa ba ne, ko kaɗan. Ki yafe mini in za ki iya. In kin kasa, ba zan ga laifinki ba.