Gudumar Surukina

Surukina bai taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko, ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko, amma a Ƙonni ta farkon shekarun saba'in babu direba mai hankali da zai kama hanyar arewa bai biyo ta garejinsa an buga masa mota ba. Bugu nake nufi na gaske, da guduma. Abin da ya mallaka a duniya ke nan, wata 'yar guduma mai ƙotar aduwa, sai kunnen da Allah ya ba shi. Da kunnen nan ya ci ya sha, da shi ya aurar da 'ya'yansa, saboda shi ake matsa masa wuri a sahun gaba ran Juma'a.

A lokacin kwalta ba ta kai ko'ina ba. Jar hanya ce mai gargada, tana jijjiga mota har haƙoran fasinja su riƙa haɗuwa. Abin da ke shan wahalar duka shi ne lam, dogayen ƙarafan nan masu lanƙwasa da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya a ƙarƙashin mota, su ke ɗauke da nauyin kaya da mutane. 'Yan ƙetaren iyaka sufirin suke ce musu. Ta saman, mafi tsawo, ita ce uwa. In uwa ta karye, ƙafar baya sai ta goce, mota ta nufi inda ta ga dama. Tsagar kuma munafuka ce, ƙarƙashin maɗauri take ɓuya, laka da giris sun rufe ta, ido ba ya ganinta. Sai dai a buga a saurara. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da zaƙi, ƙarar ta ɗan jima tana rawa. Mai tsaga kuwa ƙwal ɗaya yake yi ya yi shiru, kamar an ƙwanƙwasa fasasshiyar tukunya.

Ni da gemuna na zo wurinsa, bayan na yi shekaru ina gyaran manyan motocin da ke ɗaukar siminti daga Malbaza. Na iya aiki, na kuma san na iya, wannan shi ne babban ciwona. Shekara ba ta zagayo ba ya ba ni 'yarsa ta biyu, daga ranar kuwa bakina ya mutu a gabansa. Mutumin da jiya nake musu da shi a kan ƙusa, yau ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci inda yake, in zan gaishe shi sai na tuɓe takalmi na durƙusa. Shi ma ya bar kiran sunana. To, yaya za a yi aiki a gareji ɗaya haka? Sai muka samo hanya ba tare da mun taɓa zancenta ba. Yana bugawa, ina tsaye daga gefe. In na ji mataccen sauti ba na cewa uffan, sai in juya in ɗauko kirik, abin ɗaga mota. Shi kuma sai ya miƙe ya ce wa direba, “A ɗaga ta, akwai magana.” A zatona tare muke ji, ina riga shi tashi ne kawai don ladabi.

Ana gobe abin zai faru ya tozarta ni. Haka na kira shi a raina a lokacin, yau in na tuna ko faɗa bai kai ba. Na ɗaure wani maɗauri, ya zo ya sa hannu ya ji yana motsi, sai ya ce a gaban direbobi, “Wanga ɗaurin 'yan siminti na. Mu nan mutane muke ɗauka.” Aka kwashe da dariya. Ni kuwa ina da zuciya, tun ina ƙarami an san ni da ita. Na haɗiye, na koma gida na ƙi cin tuwo, na huce a kan matata da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Washegari da hantsi wata bashe ta tsaya, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol. Kasuwar Illela za ta, Illelar arewa, ba wadda ke nan kusa da mu a ƙetaren iyaka ba. An lafta mata buhunan wake da gishiri, mutane sun hau bisa kaya. Direban mutumin Dogarawa ne, dogo mai yawan raha, ya duro yana tauna goro.

“Baba, a taɓa muna ita mu wuce, rana na yi,” in ji shi. Ya juya ga fasinja. “Ku kwanta da hankalinku. In tsohon ga yac ce lahiya, to lahiya ta.”

Surukina ya durƙusa ya buga ɓangaren hagu, ƙarfe ya amsa da zaƙi. Ya zagaya dama ya buga. Ƙwal.

Na ji. Ko a gaban Allah ba zan ce ban ji ba. Ƙafata har ta ɗaga za ta wajen kirik, na mayar da ita. Na ce a raina, ga mai kunnen da ake yabo, bari ya faɗa da bakinsa, ɗan siminti me ya sani? Na sunkuyar da kai ina goge sufana, ƙarfen kwance ƙusa, da tsumma.

Ya sake bugawa. Ya ɗan dakata, na ga inuwar kansa a ƙasa ta juyo wajena, ban ɗago ba. Ya buga na uku. Daga nan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya karkaɗe riga.

“Lahiya lau take. Allah shi kiyaye hanya.”

Ni kuwa jira nake ya ce a ɗaga ta. Dama ba ta wuce ba tukuna, direba yana ƙara ɗaure igiya, mota ba ta tashi ba. Amma magana ta riga ta fita daga bakin suruki a gaban jama'a, in na buɗe nawa na ƙaryata shi ke nan. Na yi shekaru ina gaya wa kaina kunya ce ta rufe mini baki. Da kunya a ciki, ban musa ba. Sai dai abin da ya riƙe ƙafata da farko ba ita ba ce, fushi ne. Ina tsaye da sufana a hannu motar ta fice.

Bayan la'asar labari ya iso. Uwar lam ta dama ta karye a wani gangare kafin Illela, motar ta kwanta a gefen hanya. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Fasinja suka sha ƙujewa, wata tsohuwa ta karye a hannu. Direban ne motar ta danne wa ƙafa. Asibiti suka yi nasu, maɗori ya yi nasa, amma ƙafar ba ta sake taka birki ba. Daga baya goro ya koma sayarwa a bakin tasha, kullum na wuce sai ya ɗago hannu ya gaishe ni.

Jandarma biyu suka zo gareji suna tambayar wanda ya duba motar. Surukina ya ce, “Ni na. Ni nab buga, ni nac ce lahiya.” Ko kallona bai yi ba. Ba su kama shi ba, don babu dokar da ta san guduma. Bakin tasha ne ya yanke masa hukunci. Direbobin da jiya suke rantsuwa da kunnensa suka koma kirana gefe, in buga musu a bayan rumfa kada tsoho ya gani. Yana gani. Ya yi 'yan makonni yana zuwa ya zauna a kan benci, guduma a cinyarsa, babu mai cewa a taɓa. Ran nan aka wayi gari bai fito ba.

Da yammar wata Alhamis matata ta dawo daga gidansu, ta same ni a tsakar gida. Ta kwance ƙullin da ke hannunta, sai ga gudumar da wata 'yar kwalba mai toshiyar tsumma.

“Maigida, Baba yac ce in kawo maka,” ta ce. “Kuma in hwaɗa maka, shekara biyu ke nan bai jin guduma. Bugu kawai shikai, shina dibinka. In ka tashi ɗauko kirik, ya san akwai tsaga. Ran nan har sau ukku yab buga, ba ka motsa ba.”

Na ƙura wa gudumar ido. Ita kuwa ta zaci tsoro ne ya kama ni, sai ta shiga lallashi.

“Ya ce ba laihinka ba na. Ƙarar ƙarhe ke cin kunne, haka nashi yas soma. Ya ce kai da sauran ƙarhinka, in an tari abin da wuri ana dacewa. Man aduwa na, ɗigo biyu sahe da marece. Kwanta in sa maka.”

Lokacin faɗin gaskiya ke nan, na kuma san shi ne. Na kwanta a kan tabarma, na ba ta kunnena, ta ɗiga. Da man a ciki ina jin komai sarai, ina jin daka a gidan maƙwabta, ina jin wata babbar mota tana canza giya can a tasha. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji a gaban surukina ba.

Da kwalbar ta ƙare ya aiko da wata. Ya yi shekara shida bayan haka kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma duk Juma'a ina zuwa in tuɓe takalmi in durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Ba ya tambayata gareji, ba ya tambayata direbobi. Abu ɗaya yake tambaya.

“Ina kunnen?”

“Da sauƙi, Baba.”

Sai ya karkato da kai, ya sa tafin hannu a bayan kunnensa. Dole in ɗaga murya in sake faɗa masa da ƙarfi.