Ranar da 'Yata Ta Ƙwace Mini Fassarar Fim

'Yata ta ƙwace mini baki a gaban mata, a cikin ɗakina, kuma har yau ban ce mata na yafe ba. Ta san ina son ta. Wannan daban, wancan daban.

A lokacin muna zaune a unguwar Kurayyat a Jidda, a wani bene mai na'urar sanyaya ɗaki da ke kuka kamar injin markaɗe. Maigidana yana dafa shayi a wani ofis a Bagdadiyya, shi ke kwaso mana faya-fayan fim in zai dawo. Akwai na Indiya, akwai na Masar, amma ni na 'yan Sin nake so, waɗanda ake duka ana dariya. Duk Juma'a bayan la'asar matan benenmu sukan taru a wurina. Wata ta zo da gyaɗa, wata da kunun tsamiya, ni in zauna dab da talabijin. Ni ce mai fassara.

Ban iya Sinanci ba. Larabcin da ake rubutawa a ƙasan hoton ma ban iya karantawa ba, don sai da furfura ta fara fito mini na taka ƙofar aji. Larabcina na kasuwa ne, na baki. Amma ina da ido. In mutum ya ɗaga gira na san zagi ne tafe, in ya karkace wuya na san roƙo ne. Sai in sa masa Hausa a baki. Matan sun san haka sarai, ba wadda na rufe. A waje ni mai wanke-wanke ce a gidan Larabawa, "ta'ali" da "yalla", wato zo nan da yi maza, kawai ake ce mini. A ɗakin nan kuwa in na buɗe baki ko gyaɗa ba a ɓarewa.

Fim ɗin ranar, maigidan ya ce mai shago ya gaya masa yaren mutanen Hong Kong ne, Kantonis. Na ce ko na aljanu ne a saka. Makarantun faɗa ne guda biyu ke rikici a kan wa zai ɗauki gwamna a kan kujerarsa ranar biki. Shi kuwa gwamnan, tun da aka fara yake barci a kan kujerar, bakinsa a buɗe. Ana tashi sama, ana fasa tukwane, ana mari da takalmi, bai motsa ba.

Can sai malamin makaranta ɗaya, wani mai tumbi, ya diro daga rufi ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin tukunyar miya, ya nuna abokin gabarsa da yatsa, ya yi magana doguwa.

Na ce, "Ya ce, kai siririn banza, in na hura ka sai an nemo ka a Yanbu!"

Aka yi dariya. Sai na ji murya daga bayana.

"La ya Ummi, mu kida. Ba haka ya ce ba."

'Yata ce. A nan Jidda aka haife ta, tana sakandare a lokacin, Hausarta a kunne take fiye da a baki. Ruwa ta fito sha, ta tsaya da kofi a hannu tana karanta rubutun ƙasa.

"Ya ce, ya'ani, mu ja faɗan nan, kada mu gama. Duk wanda ya ci, shi zai ɗauki ƙaton nan har saman dutse."

Ɗakin ya fashe da dariya. Maƙwabciyata 'yar Maraɗi har da buga cinya. "Ashe duk ba wanda ke son ɗaukar! Ashe dukan na ganin ido ne! Kai, kamar 'yan siyasarmu. Ke 'yar nan, matso kusa. Hajiya, gusa mata mana."

Hajiya, gusa mata. A ɗakina.

Ban gusa ba, amma zama ya gagare ni. Na tashi na shiga kicin, na wanke kofunan da suke a wanke. Na dawo. Na sake tashi wai zan duba shayi. Daga can ina jin ta tana jan Hausa kamar mai jan akuya zuwa kasuwa, rabi Larabci, ga shi duk da haka ana dariya. Abin da ya fi ci mini rai, maganar mai tumbin ta fi tawa daɗi. Shekara nawa ina zaune dab da gilashin nan, farin rubutu yana wucewa ta gaban hancina kamar jerin tururuwa, ashe naman yana can, romo nake raba wa mutane.

Da na dawo karo na biyu na watsa mata wani kallo. Ta gane. Ta ajiye kofin ta ce, "Halas, na tafi," ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Na koma wurina. Fim ya zo ƙarshe, kowa ya kumbura, kowa ya karye. Sai gwamnan ya buɗe ido, karo na farko. Ya dube su, ya faɗi wata 'yar gajeruwar magana, ya koma barci. Rubutun ya fito, ya ɓace.

Matan ba su dube ni ba. Ƙofar ɗakin 'yata suka duba. Na buɗe baki in sa masa magana kamar kullum, ba abin da ya fito, don ni ma so nake in ji abin da ya ce.

Da magariba maigidan ya dawo ya same ni ina share inda na riga na share. Na gaya masa. Ya ce, "To mene ne abin zafi? Ta riƙa karanta miki kafin su zo, ke kuma ki faɗa musu da irin bakinki."

Na ce, "Malam, in zama aku ke nan? A gidana?"

"Ke dai ba a iya miki."

"Ba a iya ba."

'Yata ta leƙo, idonta ja. "Ummi, in gaya miki abin da gwamnan ya ce?"

"Wa ya tambaye ki? Riƙe abinki."

Akwai ajin manyan mata a wata makaranta a Waziriyya. An sha yi mini tayinsa, ina cewa ni da girmana ba zan zauna ina rera alif da ba'un ba. Washegari na sa abaya, na ɗauki iƙamata, wato katin izinin zama, na zare faifan daga na'ura na jefa a jaka. Maigidan yana tambaya ina burodin tamis da wake, na ce murhu na nan.

Malamar da na samu ba ta girmi 'yata da yawa ba. Ta ce, "Ahlan ya khala, sunanki kike so ki iya rubutawa?"

Na ajiye faifan a kan teburinta. Na ce, "Sunana na san shi. Akwai rubutun da ke gudu a ƙasan wannan. Ki koya mini in kama shi kafin ya ɓace."