Intakular Taubashina da Dutsen Mashigi

Ban san akwai wani abu a mota mai suna intakula ba sai da taubashina ya ci mini mutunci saboda ita.

Ɗan kawuna ne, yana Kiru ina Tudun Wada. Motarmu iri ɗaya ce, mai turbo, na'urar nan da ke ƙara wa inji ƙarfi, sai dai shi ya kai tasa Kano an yanke bamba, an liƙa mata wata ƙatuwar intakula a ƙasa tana ƙyalli kamar haƙorin Makka. Duk inda ya tsaya sai ya tsugunnar da mutane sun leƙa, yana bayanin yadda take sanyaya iska kafin ta shiga inji.

Washegarin wata Sallah muka ɗunguma Riruwai gaida yayar Inna. Rana ta take, muna cikin hawa, motata ta fara nishi. Na danna totur har ƙasa, tana tafiya kamar an ɗaure mata turmi. Taubashina ya wuce ni da ham, ya tsaya a gaba, ya tako ya buɗe ƙofar da Inna take.

"Gwaggo, fito daga akwalar nan, kada la'asar ta riske ki a daji."

Ni ne ɗan farin Inna. Ko sunana ba ta kamawa, balle ta goyi bayana a gaban ɗan wanta. Ta ɗauki jakarta ta bi shi, ƙannena mata na ƙyalƙyala dariya a baya. Na san wasan taubasai ne, amma ya yi mini ciwon da ban yafe ba. Daga ranar, duk tafiyar dangi a motarsa Inna take shiga, kujerar gabana kuwa sai kulolin abinci.

Na tafi gareji ina huci, na ce wa bakanikena ya samo mini intakular da ta fi ta yaron nan girma. Ya kwance gaban motar ya ce in leƙa. Ashe ni ma ina da ita, ta kamfani, sai dai ta toshe ƙam da ƙaiƙayi. Da kaka mutanenmu kan baza waken suya a kan titi motoci su sussuke musu, ni kuwa ban taɓa kaucewa ba, har ja da baya nake in sake takawa don a sa mini albarka.

"Oga, tunda ba ka ƙara wa turbo ƙarfi ba, wannan ta ishe ka, wanki kawai take so," in ji shi. "Babbar ba ta da wurin zama sai ƙasa. A kwalta lafiya lau, amma hanyar ƙauye fa?"

Raina yana son ƙyallin nan ƙwarai. Amma maganar hanyar ƙauye ta zauna mini, na ce ya wanke ya mayar. Motar ta dawo da ƙarfinta, ban gaya wa kowa ba. Na bar taubashina yana kirana mai akwala, ina dariya tare da shi, ina jira.

Bayan damina aka yi mana rasuwa a wani ƙauye bayan Doguwa, inda nake kai taki. Akwai mashigin rafi a hanyar, da wani dutse a tsakiya wanda ruwa ya lulluɓe. Na san shi kamar ƙofar ɗakina. Da muka sauka daga kwalta, taubashina ya leƙo ta taga.

"Mai akwala, hanyar nan tana biyuwa?"

"Motoci suna bi," na ce. Ban yi ƙarya ba. "Shiga gaba mana, kada in ɓata maka lokaci."

Ya shiga ruwan da isa. Ƙarar da na ji ta fi mini kiɗan biki daɗi. Motar ta haye da ƙyar tana huci, ta tsaya, haƙorin Makkan nan ya lotse yana lilo. Na raɓa ta hagu na haye, na tsaya daidai gefensa. Ban yi sauri ba. Na gyara hulata, na buɗe ƙofarsa.

"Inna, fito daga akwalar nan, kada a shafa fatiha babu ke."

Ta fara yi masa jaje tukuna, ta ce Allah ya tsare gaba, ta shafa kansa. Sannan na kwashe kuloli na mayar baya, ta shigo. Na ɗauki Kawu ma, wanda ke zaune a bayan motarsa, na bar ɗansa tsugune yana leƙen ƙarƙashin mota shi kaɗai.

Kafin Kawu ya gama tattara babbar rigarsa ya shigo, Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan hanya.

"Kai wannan, ka san da dutsen nan?"

"Na sani, Inna."

Na jira faɗa. Sai ta gyara mayafi, ta jingina sosai.

"To me ya sa ka daɗe haka? Bayana ya gaji da gudunsa." Ta sauke gilashi. "Ja a hankali, ya gan ni da kyau."